Shekarar da Na Bar Riƙo

Ina cikin rudu, rumfar da muke ajiyar albasa, ina juya ta, ina tsince waɗanda suka fara ruɓa, sai na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, na kuma ji muryar yayarku Asma'u tana tambayar inda nake tun ba ta gama sauka ba. Ba ranar hutunta ba ce. Aikinta a Jega yake, a wani ƙaramin asibiti, kuma ba ta saba baro shi da hantsi ba. Kwana tara ke nan da ta ja ni zuwa Birnin Kebbi aka ɗauki hoton ƙirjina, aka manna mini wayoyi aka auna zuciyata, aka ɗebi jini, aka ce a dawo a karɓi sakamako. Da na ji muryarta sai na daina juya albasar. Na zauna a kan buhu da albasa ɗaya a hannu, na jira ta zo ta same ni. Ta leƙo, takarda a hannunta, tana haki.

"Baba, ba zuciya ba ce."

Na ce ta sake faɗa, ta sake. Na ce likitan ne ya faɗa da bakinsa, ko ita ce ta karanta ta fahimci haka don tana son ta fahimci haka? Ta yi dariya har da hawaye, ta ce da bakinsa ya faɗa, sau biyu, ya ce zuciyata ta fi ta wasu samari lafiya. Na miƙe tsaye, na buɗe hannuwa don in yi hamdala, sai ƙashin ƙirjina ya ce ƙas, kamar yadda ya saba. A karo na farko cikin shekara uku na ji wannan ƙara ban yi salati don tsoro ba.

Sai na koma baya kaɗan, don ƙananan cikinku ba su san abin da ya sa wannan magana ta yi mini nauyi haka ba. Kakanku, mahaifina, a gona ya rasu. Ya dafe ƙirjinsa, ya zauna a kan kunya, bai tashi ba. Saboda haka ranar da ciwo ya fara mini a tsakiyar ƙirji, daidai kan ƙashin nan da ke tsakanin nonuwa, ban tambayi kowa ba, na yanke wa kaina hukunci. Ciwo ne da nake iya ɗora yatsa ɗaya a kansa. In na danna sai ya amsa. In na yi tari, ko na juya in ɗauki buta, ko na yi doguwar miƙa, sai ya soke ni, wani lokaci kuma ya yi ƙara kamar an lanƙwasa yatsa. Bayan ƙarar yakan ɗan lafa. Yakan tafi mako biyu har in manta, sai ya dawo. Kowa da abin da ya ce. Mahaifiyarku Kulu ta ce sanyi ne, don ina kwana a waje lokacin zafi. Abokaina na majalisa suka ce buhun albasa ne, alhali na daɗe da barin ɗaukar buhu. Wani wanzami a Maiyama ya ce mataccen jini ne, ya yi mini ƙaho har sau biyu, na dawo da tabo, ciwo na nan. Wata gwaggonmu ta ce jifa ne, ta kuma faɗi sunan wanda take zargi, bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Duk na saurara, na sha abin da aka ba ni, amma a raina na san abin da na sani. Wata ranar kasuwar Jega na sayi farin yadi, na naɗe shi a cikin tsohuwar riga, na ɓoye a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba.

Asma'u ta ce in tsaya, ba ta gama ba. Ta ce likitan ya yi bayani cewa haƙarƙari ba kai tsaye suke manne da ƙashin ƙirji ba, akwai guringuntsi a tsakani, shi ke ba ƙirji damar buɗewa in mutum ya ja numfashi. Wannan guringuntsi ne ya kumbura a wurina. Ya ce abubuwa da dama kan kawo shi: ɗaukar kaya mai nauyi, tari mai tsawo, tsohon bugu da aka manta da shi, ko ciwon gaɓoɓi na tsufa. Ƙarar kuma motsin mahaɗar ce, in ba kumburi da zazzaɓi ba abin tsoro ba ce. Amma ya ce abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda nawa ya ƙi warkewa shekara uku, kamar akwai abin da ke ta fama shi. Ya tambaye ta ko da gaske noman albasa ne kawai aikina, kamar yadda na gaya masa.

Ban yi masa ƙarya ba. Ya tambaye ni sana'a, na faɗa masa sana'a. Ɗori a gidanmu ba sana'a muke kiransa ba, gado ne, kuma ko a gadon ma ni ba maɗori ba ne. Baffanku Umaru, yayana, shi ne maɗori. Ni mai riƙo ne. Tun da mahaifinmu ya rasu aka raba haka, shi a gaba ni a baya, don na fi shi jiki. In aka kawo mai karaya, sai in zauna a bayansa kan tabarma, in zagaye ƙugunsa da ƙafafuna, in zura hannuwana ta ƙarƙashin hammatarsa in haɗe su a gabansa, in manna bayansa da ƙirjina. Sai Yaya ya yi bismillah ya ja. Duk wanda bai taɓa riƙe ƙaton mutum ana ja masa karyayyen ƙashi ba, bai san ƙarfin ɗan Adam ba. Zai banƙare, zai jefa ƙeyarsa baya, kuma duk abin da ya jefa a ƙirjina yake sauka. Direbobi, 'yan dako, makiyaya da saniya ta tattake, duk a nan suka sauke zafinsu, shekara ashirin da shida. Ban taɓa lissafa shi a cikin aiki ba, balle in lissafa shi a cikin bugu.

Asma'u ta ce da ta gaya wa likitan haka sai ya ajiye biro, ya ce ta nuna masa yadda ake riƙon. Ta kama wata abokiyar aikinsa ta baya ta nuna. Ya yi dariya ya ce a gaishe ni, a ce mini ƙirjin ya yi haƙuri ƙwarai. Saƙonsa shi ne in bar riƙo, in riƙa gasa wurin da tsumma da ruwan ɗumi safe da yamma, in riƙa buɗe kafaɗu a hankali, in sha wani magani na 'yan kwanaki bayan na ci abinci. Ya kuma ba ta wani saƙon, ya ce ta tabbatar na ji: ciwon da ya kamata a gudu asibiti dominsa daban ne. Shi ba ya nunuwa da yatsa ɗaya. Nauyi ne, kamar an ɗora wa mutum dutse, yakan taso in ana tafiya, ya sauka hannu ko ya hau muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi.

Na shiga cikin gida da takarda a sama kamar wanda ya ciyo gasa. Kulu tana tankaɗe. Na gaya mata, ta ajiye rariya, ta yi hamdala, ta goge hannunta a zane, sannan ta dube ni ta gefen ido.

"To Malam, yadin nan na ƙasan akwati, in ɗinka ma riga da shi ko in bar shi?"

Ashe tun watan da na saya ta gan shi. Shekara biyu tana ɗaga shi tana kakkaɓe akwatin tana mayarwa, ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. Na ce ta bar shi inda yake, ba ya cin tuwo. Ta ce ita ma ta gaji da kuka a bayan ɗaki don wani yadi. Muka yi dariya, irin wadda muka daɗe ba mu yi ba, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai zauren Yaya. Ban ko wanke hannu ba, ina warin albasa. Na same shi yana gyara kararen ɗori, yana feƙe su da wuƙa daidai da juna. Na zauna na zazzage masa komai, ina yi ina dukan gwiwata, na faɗi na guringuntsi, na faɗi na likita da ya ce a gaishe ni. Ya saurara bai katse ni ba. Shi ma ya sha wahala a kan ƙirjin nan nawa. Ya shafa mini man shanu da addu'a, ya ɗaure ni da rawani har na kasa numfashi, kuma na san abin yana cinsa, a ce maɗori ga ƙashi a gidansa ya gagare shi. Da na gama sai ya aika aka sayo ƙirjin rago wurin mahauta, ya ce yau sai an ci nama. Kafin a kai cikin gida ya karɓa ya juya shi a hannu, ya sa babban yatsa a kan farin abin nan da ke haɗa haƙarƙari da ƙashi, ya lanƙwasa, ya saki.

"Ka gani? Wanga ba ƙashi ba ne. Shi ya sa bai ji maganata ba."

Ya ji daɗin wannan ƙwarai, kamar an wanke shi daga wani zargi. Ni kuma don in ƙara tabbatar masa da cewa na tsira, sai na karanto masa ɗaya saƙon, na irin ciwon da ake gudu dominsa. Na faɗe shi dalla-dalla, ina nuna cewa ni ba ni da ko ɗaya a ciki. Ya ci gaba da feƙe kara. Can ya ce, wane hannun likita ya ce yake sauka? Na ce bai ware ba, amma Asma'u ta ce an fi jin na hagu. Ya ce, in mutum ya tsaya ya huta yakan lafa? Na ce haka nake zato. Ya gyaɗa kai, ya ce likitocin nan sun san abubuwa. Na ɗauka sha'awar ilimi ce, don shi mutum ne mai son sanin yadda jiki yake.

Sai muka zo kan maganar da nake tsoro. Na ce masa an hana ni riƙo. Na yi zaton zai ce likita ba ya raba gado, ko ya ce in daure. Raina ya kasu biyu, don in na bar riƙo ban san abin da na zama a zauren nan ba. Na fara cewa ko zan riƙa sa matashi a ƙirji. Ya ajiye wuƙar.

"Riƙo kowa na iya yi. Duk mai karaya da danginshi yaka zuwa, su riƙe abinsu, kai ka nuna musu. Kai kuwa tunda hannunka ya samu sarari, taho gaba."

Na ce gaba ina? Ya ce gaba inda yake zaune. Ya ce shekara ashirin da shida ina kallon ɗori ta bayan kunnen mutane, lokaci ya yi da zan gan shi ta fuska. 'Ya'yansa maza duk sun bi mota da boko, ba wanda ya zauna. In bai ba ni ba, wa zai ba?

Ina da shekara hamsin da 'yan kai a lokacin, da furfura a gemu, amma wallahi ranar na koma gida ina tafiya kamar an sa ni makaranta sabuwa. Washegari na riga shi zuwa zaure, na share, na shimfiɗa tabarma. Da ya fito ya gan ni sai ya ce, ɗalibi ya riga malam, Allah ya sa ba yunwa ba ce. Ya fara da ni daga ƙasa. Ya sa na rufe ido, ya ba ni hannunsa, ya ce in bi ƙashin da yatsa daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu in gaya masa inda biyu suke da inda suka haɗu. Ya koya mini bambanta targaɗe da gocewa da karaya tun kafin in taɓa, daga yadda mutum ya rungumo hannunsa ya shigo. Ya koya mini ɗauri, kada ya yi sako-sako ƙashi ya motsa, kada ya yi tsauri jini ya tsaya, in riƙa duba farce in ya canja launi in kwance. Ya koya mini abin da ba a taɓawa, in ƙashi ya huda fata ya fito, wannan a sa shi mota. Addu'o'in da mahaifinmu ya ba shi ya ba ni ɗaya bayan ɗaya, bayan sallar asuba, yana sa ni ina maimaitawa kamar yaro. In na yi kuskure a gaban mutane ba ya magana, sai dai ya yi gyaran murya. Har yau in wani ya yi gyaran murya a bayana ina ɗauri, sai na sake duba hannuna.

Ɗorina na farko wani makiyayi ne daga wajen Gumbin Kure, babban mutum, saniya ta make masa hannu da ƙaho. Ƙannensa biyu suka riƙe shi yadda na nuna musu, na ce wa na bayan ya kawar da ƙirjinsa gefe, ya tare da kafaɗa. Makiyayin ya dube ni, ya dubi Yaya da ke zaune a gefe, ya ce shi wurin babban ya zo. Yaya ya ce masa ai wannan ne babban, shi ƙarami ne, tsufa ne kawai ya yi masa gaggawa. Kafin mutumin ya gama tunanin wannan magana na yi bismillah na ja. Na ji ƙashin ya koma mazauninsa a cikin tafin hannuna. Ban san yadda zan kwatanta muku wannan ba. Shekara da shekaru ina jin sa ta bayan mutum, kamar ƙarar ƙofa a wani ɗaki, ranar kuwa a hannuna ya faru. Bayan mako shida ya dawo da ƙwaryar nono da hannu miƙaƙƙe, ya wuce Yaya ya ajiye a gabana. Yaya ya ce, ka ga, har an fara yi mini ƙwace.

Ƙirjina kuma ya yi sauƙi, ko da yake bai rabu da ni ba. Kulu ta riƙe gashin ruwan ɗumin nan kamar farilla, safe da yamma, tana yi tana mita cewa ta auri maɗori a tsufa. Na koyi tsayawa a bakin ƙofa in dafa gefe da gefe in tura jiki gaba a hankali har in ji ya buɗe. Na daina kwanciya rub da ciki. In sanyi ya shigo, ko na yi mura da tari, yakan dawo ya gaishe ni kwana uku ya tafi. Ƙarar tana nan. A sahun sallah in na ɗaga hannu ta yi, na kusa da ni yakan waigo, ni kuwa ko a jikina. A cikin wata goma na yi wuyan hannu, na yi damtse, na yi ƙwauri, na mayar da kafaɗa. Yaya ya daina ja gaba ɗaya, sai dai ya zauna ya jingina da bango yana kallo. Na ɗauka yarda ce da ni, ina ta jin daɗi. Cinya kaɗai ta rage. Ya ce ita ba a koyar da ita da baki, naman wurin ya yi kauri, sai ya ɗora hannunsa a kan nawa in ji abin da yake ji. Ya ce duk wadda aka fara kawowa bayan an kwashe albasa, tawa ce.

Ba a kai ga kwashe albasa ba. Wata ranar Laraba bayan la'asar na gama ɗaure wa wani mutumin Danwarai ƙafa, na waiwaya in ji ko za a yi gyaran murya, sai na ga Yaya ya jiƙe da zufa, yana murza hannunsa na hagu. Na ce lafiya? Ya ce dutsen nan ne da likitanka ya faɗa, yau ya ƙi sauka. Muka sa shi a mota. Ni na riƙe shi a kujerar baya, yadda na saba riƙe mutane, bayansa a ƙirjina. Bai banƙare ba, bai jefa ƙeya ba. Kafin mu kai ƙofar asibiti ya cika.

A zaman makoki matarsa ta gaya wa Kulu cewa ya fi shekara yana tsayawa sau biyu tsakanin gida da masallaci, yana cewa yana gaisawa da mutane ne. Ya hana ta faɗa. Sai a lokacin na tuna tambayoyinsa biyu a zaure, ranar da na zo masa da murnata. Da bakina na lissafa masa ciwonsa, ɗaya bayan ɗaya, ya tambaye ni wane hannu, na ba shi amsa, na tashi na tafi cin nama. Nawa ciwon mai ƙara ne, gida duka ya taru a kansa shekara uku. Nasa bai taɓa yin ƙara ba. Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, ban ja da wannan ba. Amma da na ce masa, Yaya, me ya sa kake tambaya, da Asma'u ta kai shi inda ta kai ni. Yadin da ke ƙasan akwati shi aka yi masa sutura da shi. Kulu ce ta ɗauko, ban ce ta ɗauko ba.

Na rubuta wannan ne don abubuwa biyu. Na farko, duk wanda ya ji ciwo a ƙirji a cikinku, ko ya ga wani yana tsayawa a hanya ba dalili, kada ya yanke wa kansa hukunci kamar ni, kada kuma ya yi shiru kamar Baffanku. A je a auna. Na biyu, na san kuna jin abin da ake faɗa a gari, cewa in aka kawo mai karayar cinya zaurenmu nakan ce a wuce da shi asibiti, wai tsoro nake ji, ko wai 'yata ma'aikaciyar asibiti ta hure mini kunne na yi watsi da rabin gado. Ba haka ba ne. Abin da Yaya ya ɗora hannuna a kai, ina yin sa, kuma zan ba duk wanda ya zauna a cikinku. Mako biyu bayan rasuwarsa aka kawo cinyar farko, wani ɗan dako da buhu ya faɗo masa a kasuwa. Na tsuguna, na taɓa wurin, na daɗe ina taɓawa, sannan na ce a nemo mota. Cinya ba mu kai gare ta ba, kuma har yau ban iya ta ba.